Robar Man da Ba Ta da Suna, da Sauran Tambayoyinku kan Fata

Tun da hunturu ya tattara ya tafi bazara ta kankama, kusan duk tambayoyin da ke zuwa min a kan fata ne. Ga zafi, ga bukukuwa sun matso, kowa na neman abin shafawa. Wadda ba ta ga tata ba ta yi haƙuri ta duba ta 'yar'uwarta, wataƙila ciwon ɗaya ne.

Tambaya: Anti, duk man da na shafa sai fuskata ta ɗauki zafi kamar an watsa barkono, ta fito da ƙananan ƙuraje. Bana kaɗai na canza mai sau shida. Wanne zan saya? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki sayi komai tukuna. Fatar da aka canza wa mai sau shida a shekara hutu take nema. Tattara su duka ki ajiye. Mako uku zuwa huɗu kada komai ya taɓa fuskarki sai ruwa mai ɗan ɗumi, da sabulu marar ƙamshi sau ɗaya a rana, sai man kaɗanya tsantsa ko farin basilin ɗan kaɗan, tun fatar na da danshi. Abin da ya fi tayar da fata irin taki shi ne turaren da ake zubawa a mai, don haka ranar da kika tashi saye ki juya kwalbar ki karanta bayanta. In kin ga an rubuta "fragrance" ko "parfum", mayar wa mai kanti kayansa. Sabon mai kuma ba a fara shi a fuska. Ki riƙa shafa kaɗan a lanƙwasar hannu ko bayan kunne, safe da yamma, har mako guda. In bai yi ƙaiƙayi ba, sannan ya hau fuska. Ɗaya-ɗaya ake gwadawa, don a gane mai laifi.

Na san za a ce miki ki koma sabulun salo tunda na gargajiya ne. Yana wanke datti tas, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi, yana kwashe maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Mai maiƙon fuska na iya jure shi, ke kam kada ya hau fuskarki. Soson buhu ma haka. In an yi wata ba sauƙi, ki je likitan fata ya duba ko kirci ne.

Tambaya: Ni baƙa ce, kullum ina cikin rana saboda aiki. Maigidana ya ce man kariyar rana na Turawa ne, ɓarnar kuɗi ce kawai. Haka ne? (Malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malama, maigida ya faɗi rabin gaskiya. Baƙar fata tana da kariyar da Allah ya yi mata, shi ya sa rana ba ta ƙona mu da wuri yadda take ƙona Bature. Amma ranar nan ita ce ke ƙara wa tabon ƙuraje baƙi, ita ce kuma ke zaunar da baƙin nan na kumatu da goshi da ke fito wa mata lokacin ciki. In kina da ɗaya daga cikinsu, wannan man ya fi miki duk wani man cire tabo amfani.

Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama, wanda aka rubuta "broad spectrum" a jikinsa. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kuma kusan 98, saboda haka kada a ninka miki kuɗi don girman lamba. Mai fatar da ba ta son wargi ta zaɓi wanda aka yi da "zinc oxide" ko "titanium dioxide". Ba su cika yin zafi ba, sai dai suna barin fuska toka-toka, shi ya sa mai ɗan launin hoda ya fi dacewa da mu. A matsa layi biyu a tsawon yatsu biyu, na fuska da wuya ke nan. Gumi na wanke shi, alwala ma haka, don haka in kina waje sai an sake bayan kamar awa biyu. Kada ki sayi wanda ya wuni a baro rana na dukansa, kuma ki duba ranar lalacewa. Man kaɗanya da man kwakwa suna laushin fata, amma ba sa tare rana yadda za a dogara da su, ko wa ya faɗa miki. In kuɗin bai kai ba, lema da inuwa tsakanin goma na safe da huɗu na yamma sun fi a sayi jabu.

Tambaya: An ce in haɗa lemon tsami da man goge baki in kwana da shi, ƙuraje za su bushe. Cokali nawa zan sa? (Wani saurayi daga Gombe)

Amsa: Haba ɗana! Fuska ce fa, ba gindin tukunya ba. Ko cokali ɗaya kada ka sa. Ruwan lemon tsami in ya zauna a fata rana ta same shi, ƙuna yake yi, ya bar baƙin tabon da zai yi watanni. Man goge baki kuma na haƙori ne. Wanke fuskarka sau biyu a rana, ka daina matsa ƙurajen da farce.

Tambaya: Wata mata tana sayar da man haɗi, ta ce oganik ne zalla: madara, zuma, kurkum da karas. Ta ce kwana bakwai ake yin haske. Saitin naira dubu 25 ne, bikina saura wata biyu. In saya? (Amarya daga Kano)

Amsa: A'a, ƙanwata, kada ki saya. Kuma ki gyara zama, don wannan tambayar ce ta fi kowace yawa, ita ce kuma ta fi ci min rai.

Babu karas ɗin da ke sauya launin mutum a kwana bakwai. Babu zumar da ke yi, babu madarar da ke yi. Da suna yi, da matan rugage da ke wuni cikin nono sun fi kowa fari a ƙasar nan. Duk man da ya haska ki cikin mako guda akwai magani mai ƙarfi a ciki, ko mai sayarwa ta faɗa ko ta ɓoye, wani lokacin ma ita kanta ba ta san sunan abin da ta zuba ba.

Na taɓa zama a ɗakin wata mai wannan sana'a, na ga haɗin da idona. Ta juye babban man shafawa a bokitin fenti, ta ɗauko 'yan mayukan nan na matsawa masu kama da man goge baki, ta yanke gindinsu da reza tana tatsewa ciki, ɗaya bayan ɗaya, har na daina ƙirgawa. Ta tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da ba rubutu, ta juya da muciya, ta ɗura a robobi, ta manna takarda mai hoton karas da ganye. Ba ma'auni, ba safar hannu. Nata yatsun kuwa gaɓoɓin sun yi baƙi ƙirin, bayan hannun ya yi ja kamar an yi masa ƙuna. Kurkum ɗin da ta barbaɗa a ƙarshe don launi ne kawai.

Waɗancan 'yan mayukan sitiroyid ne, irin wanda ake rubuta "clobetasol" ko "betamethasone" a jikinsa. Magani ne na gaske, likita na ba da shi ga mai kirci ya shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki. In aka mayar da shi man shafawar kullum daga fuska har ƙafa, sai fata ta yi sirara har a riƙa ganin jijiyoyi kore-kore, nankarwa mai faɗi ta tsattsage cinya da hammata, makero da kyasbi su samu gida, gashi ya fito a haɓa, rauni ya ƙi warkewa. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Na biyu shi ne haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, irin wanda yake da wuyar fita. Na uku zaiba, wato "mercury", wadda ake sawa a wasu mayuka da sabulai. Ita ƙoda take ci da jijiyoyin jiki, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono.

Ba ni kaɗai ke wannan kukan ba. Tun a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙididdigar da ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayukan a 2015, Gana ta hana masu haidirokwinon a 2016, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Da mata suka fara tsoron kalmar bilicin, sai masu sayarwa suka sauya mata riga: yau oganik, gobe man gyara, jibi "ba ya sa fari, launinki kawai yake fito da shi". Tuwon dai shi ne, suna aka canza.

Ki lissafa kuɗin ma. Dubu 25 ɗin nan kuɗin shiga ne kawai. Bayan wata biyu za a sayar miki da na gaɓoɓin yatsu, sai na nankarwa, sai na ƙurajen da man farko ya jawo, duk a hannun mutum ɗaya. Ranar da kika tsaya, fuska ta rikice, ki koma da gudu. Na ga wadda ta sayar da 'yan kunnen lefenta a kan wannan, ƙarshenta dai asibiti.

Laifin kuma ba na 'yan mata kaɗai ba ne. Samarin da ke cewa "fara ko mayya ce", da dangin miji masu leƙa fuskar amarya suna auna haskenta, duk da hannunsu a ciki. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne uwar da ke shafa wa jaririnta wannan haɗin don kada a ce ta haifi baƙi. Fatar jariri ta fi ta babba sirara, abin da aka shafa mata shiga yake yi. Ke uwa, ki ji tsoron Allah, amana ce aka ba ki.

Ke amarya, wata biyu sun ishe ki. Ki samu barci, ki rage shiga rana, ki riƙe man kaɗanya da man kariyar rana. In za a yi miki dilka a yi a hankali ba da gurza ba, kuma ki tambayi mai gyaran jiki abin da ta zuba a ciki, don wasu har can suke sa man haɗin. Duk robar da ba sunan kamfani, ba jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Lambar ma ana buga ta jabu, saboda haka ki sayi kayanki a kantin magani ko shagon da gobe za ki iya komawa ki yi magana.

Tambaya: Shekarata uku ina shafa irin wannan haɗin. Duk ranar da na bari sai fuskata ta kumbura ta yi zafi. Kunya ta hana ni zuwa asibiti, kullum cikin kuka nake. (Maman biyu daga Kaduna)

Amsa: Share hawayenki 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, kuma ana warkewa. Abin da kike gani fatarki ce ta saba da sitiroyid, in an janye sai ta yi bore. Tunda kin daɗe kina shafa shi a jiki duka, kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, don jiki kan rage yin nasa sinadarin in yana samun na waje. Likita ne zai janye miki a hankali. Ki je sashen fata na asibitin koyarwa ko na ƙwararru mafi kusa, ki tafi da robar man a jaka, ki faɗi gaskiyar shekarun. Sun ga ɗaruruwa irinki, ba wanda zai yi mamaki. A gwada miki suga da hawan jini, in kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun farko. Za ki yi duhu na wasu watanni, mutane za su yi magana, ki daure. Man kariyar rana kuma yanzu ya zame miki dole.

Tambaya: Ɗana zabiya ne, shekararsa huɗu, wuyansa da kunnuwansa kullum a ƙone. (Wani uba daga Damagaram)

Amsa: Allah ya raya shi, Malam, ya saka maka da wannan kulawar. Shi kam ba zancen kwalliya ba ne, kariya ce daga kansar fata. Ka nema masa mai lamba SPF 50, a shafa kullum har kunne, ƙeya, leɓe da bayan hannu, ko da hadari. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu mai kauri, da tabarau. Kada a aike shi da tsakar rana, in ya shiga makaranta kuma a zaunar da shi a gaba saboda ido. Duk gyambo ko ɓawon da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi asibiti ba jira.

Tambaya: Baƙin lalle ya sa hannuna ya yi ƙuraje masu ruwa daidai zanen. In sake gwadawa a wurin wata? (Daga Sakkwato)

Amsa: Kada ki sake. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Baƙin nan rini ne mai sinadarin PPD, kuma jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan, karo na biyu ya fi muni. Baƙin rinin gashi ma ki kiyaye shi, yawanci sinadarin ɗaya ne.

Tambaya: Surukata ta dage sai an sa wa jaririyata kwalli don ido ya yi kyau. (Mai jego daga Katsina)

Amsa: Barka da arziki. Kwallin dutse yawanci dalma ce a cikinsa. A 2011 an samu wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston na Amurka da gubar dalma a jini, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri na murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Kada ki yi jayayya da Hajiya da kanki. Ki sa maigida ya yi mata bayani cikin ladabi, ko ku tafi tare ranar rigakafi ma'aikaciyar jinya ta faɗa mata da bakinta.