Ƙanena, kafin ka taho karatun harshen Likiya

Na ga saƙonka. Ka ce kana son zuwa Turkiyya ka karanta tsofaffin harsuna, ka kuma tambaya ko harshen Likiya, tsohon yankin nan na kudu maso yammacin Turkiyya, an gama fassara shi. Ba a gama ba, kuma abin da ya riƙe ni a nan Antalya ke nan.

Rubuce-rubucen da suka rage kusan 200 ne, yawancinsu a jikin kaburburan da aka sassaƙa a duwatsu. Shi ya sa kalmomin gida suka zauna daram: tideimi ɗa ne, kbatra 'ya, xupa kabari, lada kuma matar aure. Ranar da na fara ganin lada na ji daɗi, na zaci na gamu da 'yar gida. Babu dangantaka ko kaɗan, dangin wannan harshe su ne Hittiyanci da Luwiyanci, tsofaffin harsunan da aka yi a wannan ƙasa. Kada kunne ya ja ka.

Wadda ta fi damuna ita ce itlehi. Mai kabari yakan rufe rubutunsa da gargaɗi: duk wanda ya binne wani a nan ba da izini ba, itlehi na Likiya za su hukunta shi. To su wane ne? Wasu masana sun ce 'yan ƙawancen garuruwa ne, mutane masu iko. Wasu sun ce alloli ne ko ruhohi. Na tsaya gaban irin wannan kabari, ina bin haruffan da ido ɗaya bayan ɗaya, na karanta jimlar tsaf, amma wanda mamacin ya damƙa wa amanarsa ya ƙi fitowa fili.

Abin da ke warware irin wannan ƙulli shi ne rubutu mai fassara a gefe. A 1973 aka tono wani dutse a Letoon, tsohon wurin bauta na Likiya, ɗauke da Likiyanci da Girkanci da Aramiyanci, yana gidan tarihi na Fethiye yanzu. Kalmomi da yawa ta nan aka kama su.

Don haka ka fara Girkanci tun kana gida, ka haɗa da Jamusanci, don manyan littattafan fannin da shi aka rubuta da yawansu. Jami'ar Akdeniz ta nan Antalya tana da sashen tsofaffin harsuna, kuma tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana ba da shekara guda ta koyon Turkanci. In Allah ya kawo ka, Xanthos, tsohon birnin Likiya, za mu fara zuwa, ka ga dogon ginshiƙin nan mai rubutu ta fuska huɗu.

A gaishe min da su Baba.