Shekara huɗun da ƙungiya ta ɗora maka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka daɗe kana aikin kafinta a zangon Kumasi, kana haɗa gado da kujera, kana buga rufin kwano, amma da ka zo New York ƙungiyar kafintoci ta ce sai ka koma ɗan koyo na shekara huɗu, a kan kuɗin da bai kai na cikakken kafinta ba. Kana tambaya ko gara ka bi ɗan kwangilar da zai riƙa biyanka a hannu.

Shawarata, ka zauna ka yi haƙuri. Babu wanda ya raina hannunka. Riƙon zarto da guduma ka riga ka iya. Abin da ya rage maka shi ne tsarin ginin ƙasar nan, kuma yana da yawa.

Ɗauki bangon katako. Katakon da ake kira biyu-da-huɗu, in ka ɗora masa tef, inci 1½ ne da 3½. Ana jera su a tsaye, tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan inci 16, saboda allon da za a buga a kai faɗinsa ƙafa huɗu ne, wato inci 48, sai bakinsa ya sauka daidai tsakiyar katako, allo na gaba ma ya samu wurin ƙusa. Shi ya sa za ka ga ƙwararre ya maƙala tef a kusurwa ya yi alamar gefen katakon farko a inci 15¼, ba a 16 ba, don tsakiyarsa ta faɗa a 16. Wanda bai san wannan ba, duk kyawun hannunsa, zai gama bango tsaf, mai buga allo ya zo ya tarar baki yana lilo a iska, a kwance aikin yini guda.

Aikin kankare ya fi wannan haɗari. Ɗanyen kankare nauyinsa kusan laba 150 ne a kowace ƙafa ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, kuma kafin ya kama, kamar ruwa yake tura katako. Bango mai tsayin ƙafa goma, in aka zuba shi da sauri, gindin akwatin katakon da ke riƙe kankaren yana iya ɗaukar laba 1,500 a kowace murabba'in ƙafa. Ƙarfe ɗaya na ɗauri ka manta, akwatin ya fashe, alhali akwai mutane tsaye a ƙasa. Lissafin nan a aji ake koyonsa, tare da karatun zanen gini, shi ya sa ake cire ku daga fili lokaci-lokaci a zaunar da ku gaban malami. Kada ka ɗauki ajin a matsayin hutu.

Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce daga ƙafa shida zuwa sama sai da kariyar faɗuwa, domin faɗowa daga sama ce ta fi kashe magina a Amurka. Birnin New York ma ya wajabta horon tsaro na awa 40 kafin a shiga manyan wuraren gini. Mai biya a hannu, ranar da yake sauri zai ce ka hau haka nan, kuma in ka ƙi, gobe ba kai. A aikin ƙungiya kana da wakili a fili da za ka kai wa ƙara.

Batun kuɗi kuwa, gaskiya ne farkon da ƙunci, ga kuɗin ƙungiya da ake cirewa, ga lokutan da aiki ke ɗaukewa. Amma albashin ɗan koyo yana hawa mataki-mataki a rubuce, kuma kowace awa da ka yi ɗan kwangila yana zuba maka kuɗin asibiti da na fansho. Waɗannan ba kyauta aka ba mu ba. Peter McGuire da abokansa sun kafa ƙungiyar a Chicago a 1881, kuma a ranar 1 ga Mayu 1890 kafintoci ne suka ja gaba wajen yajin neman aikin awa takwas.

Abin da muke sayar wa ɗan kwangila da wannan tsada shi ne amana: duk wanda ƙungiya ta turo, a saka shi aiki ba sai an tsaya a kansa ba. Saboda haka ka iso kafin lokaci. In ka ga katako ya karkace, ka cire shi tun allo bai rufe shi ba, ko da babu mai kallonka. Ranar da aka yaye ka kuma, yaron da aka haɗa ka da shi hakkinsa ne ka koya masa, ba aike kawai ba.

Kafin ajinka na gaba, ka zauna da tef kullum dare kana haɗa ɓangarorin inci, ⅜ da ¹⁄₁₆ da ire-irensu, har ka daina ƙirga layi da yatsa. Ka kuma roƙi foman ɗinku tsohon zanen da aka gama da shi, ka kawo mini ranar Asabar mu karanta tare.