Amsa kan batun yini ɗaya a Jos

Assalamu alaikum jama'a. Na saurari muryar Sakatare, na kuma ga abin da ƙannenmu biyu suka rubuta, wai a tafiyar nan ta keke daga Abuja, tunda an iso Jos me zai hana a wuce Bauchi washegari da asuba, a rage kuɗin masauki. To ni dai na gane ba maganar kuɗi ake ba. Abin da ake tambaya shi ne, ba za a ce mun yi ragwanci ba idan muka kwana biyu a wuri ɗaya? Shi zan amsa.

Ƙanena, ka taɓa hawan Hawan Kibo da keke mai kaya? Ba a mota ba, a mota kowa gwani ne. Ku da za ku taso daga Abuja, ku bi Keffi, ku bi Akwanga, duk wannan shiri ne kawai. Sai kun zo wajen ruwan Assop, a gindin dutse, nan aikin yake farawa, kuma daga nan akwai sauran kilomita 60 da wani abu kafin cikin gari. Jos tana sama da mita 1,200, ka gane ko, kuma ƙafarka ce za ta ɗauko ka da keken da jakunkuna ta kai ka can. Ga manyan motoci suna gangarowa birki na wari, kai kana maƙale a gefen titi. Ka gama hawan ka ce an iso, ina, ga Riyom, ga iskar saman tudu tana dukan ƙirjinka har Bukuru. Wanda ya yi wannan ranar bai yi ragwanci ba don ya ajiye keke yini guda.

Kuma ciwon ba ranar yake zuwa ba. Ranar da ka hau, jiki da zafi, kana jin kanka kamar za ka ƙara. Sai ka kwana, cinya ta ɗaure, gwiwa ta fara magana, a rana ta biyu ma ya fi tsanani. Ƙarfin da ka ƙona a hanya kuwa, sai jiki ya samu kamar yini da kwana yana cin abinci mai nauyi kafin ya mayar. Ga kuma wurin zama, ku yi haƙuri da ni iyayenmu da ke guruf ɗin nan, amma dole a faɗa. Sirdi yana cin fata. Idan ba a wanke gajeren wandon ba, ya bushe sarai, ƙurji zai fito, kuma ƙurjin sirdi ya fi faci goma tsayar da tafiya. A sanyin Jos kuwa wanki ba ya bushewa cikin dare. Sai ka samu rana.

Amma fa hutu nake cewa, hutu. Domin akwai abin da har yau yake ci mini rai. Wata tafiya da muka yi, ba zan kira suna ba, shi ya san kansa idan muryar nan ta kai gare shi, jagoranmu ya yarda a huta a Jos, muka yi murna. Gari na wayewa ya ce ai ba a zuwa Jos a koma ba a hau dutsen Shere ba. Dutsen da ya haura mita 1,800! Mutanen da jiya suka hau Kibo. Aka ce masa Malam a bari, ya ce ai da ƙafa ne ba da keke ba, kamar wata ƙafar daban aka ajiye mana a jaka. Muka sauko la'asar sakaliya, daga nan ya ja mu gaisuwa gidan surukansa, daga can wani gidan, ko'ina sai an zauna, sai an sha ruwa, sai an yi hoto. Ba wanda ya taɓa kekensa ranar. Ba wanda ya yi wanki. Washegari a gangaren da ke kai wa Tilden Fulani, yaro ɗaya birkinsa ya ƙi kamawa, roba ta cinye tun a hanya ba a duba ba, Allah ne ya tsare ya faɗa cikin ciyawa. Kuma mutumin nan ko sannu da kyau bai ce ba, cewa ya yi yaron ne bai iya tuƙi ba. Wallahi wannan maganar ta fi faɗuwar ciwo. Yaron bai sake fita da mu ba. To, a bar wannan.

Ga yadda nake so a yi. Da safe bayan an karya, kowa ya kifa kekensa. A wanke kaca a sa mata mai, a duba robar birki gaba da baya, a bi taya da yatsa a cire ƙaya da kwalba, a taɓa wayoyin ƙafa a ji wadda ta saki. Abin da ya fi ƙarfinku, masu gyara suna nan wajen Terminus, a kai musu da wuri. A sayi tub na ajiya da gam ɗin faci. Ku tuna Jos zuwa Bauchi kusan kilomita 130 ce, yawancinta gangara, Bauchi tana wajen mita 600 ne, don haka birki ne zai yi aiki ranar fiye da ƙafa. A'a, kada in ruɗe ku, akwai hawa nan da can bayan Toro, ba duka gangara ba ce, amma dai kun gane.

Wanda yake son ganin gari, ban hana ba. A shiga Keke Napep a je gidan tarihi, tun 1952 yake nan, akwai tsofaffin kawunan yumɓu na mutanen Nok, a gefensa kuma akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Awa biyu ta isa, a dawo. A biya Farin Gada a sayo dankalin Turawa da kabeji da karas a dafa a ci a ƙoshi, wanda bai taɓa shan gwaten acha ba ya sha. Idan ranar ta faɗo Juma'a ma ya fi, a je babban masallaci. Kuma ku matafiya ne, yini ɗaya ba ya yanke ƙasaru, sai mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu.

Sannan abin da ya fi damuna, Ciyaman, kai ka san shi. A kan hanya ba a hira. Kowa yana bin tayar na gabansa, mai ƙarfi ya wuce, mai rauni yana baya yana haɗiye fushi, wannan yana ganin an bar shi, wancan yana ganin ana ja masa lokaci. Idan ba a zauna ba, abin nan taruwa yake har ya fashe a kan ruwan leda ɗaya. Ranar hutu ce ake zama teburin mai shayi bayan isha'i, kowa da rigar sanyi, wanda ya tsere wa mutane a Kibo ya ce ku yi haƙuri, a sake raba kaya, a rage wa na baya nauyi. Abokan da na fi riƙewa yau, a irin wannan zaman na san su, har da wani bawan Allah mutumin Riyom da ya gan mu a gajiye ya biyo mu da babur har masauki da buhun dankali, har yanzu muna waya.

Maganar kuɗin masauki kuwa ku cire ta. Akwai ɗaki a gidana, akwai zaure, 'yan'uwa na nan Jos su ma za su ɗauki wasu. Sakatare ka turo mini yawan mutane kafin Laraba, kuma kowa ya zo da bargonsa, nawa ba za su isa ba. Sai na ji ku.