Mota ta buge mahaifiyata a kan layin tsallaka titi: shin muna da haƙƙin neman diyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da motar wani kamfani ta buge mahaifiyata kusa da kasuwar Wuse, tana tsakiyar fararen layukan tsallaka titi, ta karye a cinya. Direban ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, yanzu kuma ya aiko da takarda wai mu sa hannu cewa magana ta ƙare. Dangi suna cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ita ce ke ciyar da ƙannena da sana'ar waina. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Kubwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya. Kafin komai, kada ku sa hannu a wannan takarda sai lauya ya karanta ta, domin da zarar an rubuta cewa kun karɓi kuɗi a matsayin sulhu na ƙarshe, da wuya kotu ta sake sauraron ku, ko da daga baya likita ya ce sai an yi tiyata.

Doka ta wajabta wa direba ya tsaya wa mai tafiya a ƙasa idan ya riga ya hau layin tsallakawa, don haka inda abin ya faru hujja ce babba a hannunku. Kuma tun da motar kamfani ce, idan direban yana bakin aiki a lokacin, alhakin yana hawa kan kamfanin ma. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, kowace mota da ke kan titi dole ta kasance da inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni. A Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida. Saboda haka mai biyan diyyar sau da yawa kamfanin inshora ne, kuma tausayin direba talaka bai kamata ya sa ku yafe abin da aka tanada dominku ba. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana neman haƙƙi.

Inda na fi jin tsoro shi ne shaida. Da wuya kotu ta amince da kuɗin magani da baki kawai, ba tare da rasit ba. Ka samu jaka guda ka tara komai a ciki: katin asibiti, hoton ƙashi, rahoton likita, rasit ɗin magani, har da na motar da ke kai ta wankin ciwo. Idan an kai ta wurin mai ɗori, kamar yadda muka saba, a roƙe shi ya rubuta abin da ya karɓa. A kuma rubuta cinikin da take yi a rana kafin hatsarin, domin tanda da ta yi wata uku ba a ɗora ta a wuta ba asara ce da doka ta sani, haka ma raɗaɗin da take sha. Ka karɓo rahoton 'yan sandan da suka auna wurin, ka riƙe lambar motar, ka nemi lambobin wayar masu tebur da suka ga abin da idonsu tun ba su watse ba.

Ka sa ran direban da kamfanin za su ce ita ce ta faɗo titi ba ta duba ba. Ko da an tabbatar da nata sakacin, rage diyyar ake yi gwargwadon laifinta.

Lokaci kuma yana tafiya. A Abuja shekara 3 ne wa'adin shigar da ƙarar rauni irin wannan, amma da motar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati na iya taƙaita shi zuwa wata 3 kacal. Idan ba ku da kuɗin lauya, ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke nan Abuja, wadda dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa marasa ƙarfi a ƙarar hatsari. Ka tafi da jakar takardun nan da kuma takardar da direban ya aiko, a cikin makon nan.