Kafin ka buɗe shafi, ka cika katin kowane kaya

Ɗana, ka ce malamin tarihi na wata sakandare a nan Bauchi ya haɗa ka da ɗalibansa, suna son ka taya su gina ɗan gidan tarihi a intanet mai suna Tarihin Bauchi, mako shida gare su, kuma kana tambaya da wace manhaja za ka fara. Ajiye maganar manhaja tukuna. Shafi aikin kwana uku ne a ƙarshe. Sauran makonnin na bincike ne.

Da farko ka rage musu batun. Daga kafa garin da Malam Yakubu ya yi a farkon ƙarni na 19 zuwa ƙirƙiro jiha a 1976, ga zanen dutse na Geji, ga ginin da shahararren magini Babban Gwani ya yi a Kafin Madaki, ba aikin aji ɗaya ba ne. Su ɗauki tambaya guda. Misali: ina ƙofofin ganuwar Bauchi suke, me ya rage daga cikinsu? Ko kuwa rayuwar Abubakar Tafawa Ɓalewa daga koyarwa zuwa kujerar Firaminista, tunda kabarinsa yana cikin gari, ɗalibai za su iya zuwa. Kaya goma zuwa goma sha biyu sun isa. In sun haura ashirin, rabi za su hau shafi ba bayani.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe. Kowane abu, hoto ne, takarda ce, ƙofa ce ko muryar dattijo, sai ya sami katinsa kafin ya shiga kwamfuta. A katin a rubuta lamba, sunan abin, wanda ya yi shi, wuri, shekara, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi a sentimita, mai shi, wanda ya ba da izini, da inda aka samo kowane bayani. Wannan layin na ƙarshe shi yara ke tsallakewa, shi ne kuma malami zai fara tambaya. In littafi ne, a sa lambar shafi. In mutum ne ya faɗa, a sa ranar hirar da unguwar da aka yi ta. Inda ba a san shekara ba, a rubuta "ba a sani ba", ko a ce "wajajen" kaza. Kada ka yarda ɗalibi ya cike gurbi da zato, domin abin da ya hau intanet gobe wani zai kwafa a matsayin gaskiya.

Kowace shekara a gwada ta da tushe biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka biyar masu jimla iri ɗaya tushe ɗaya ne. Su riƙe ranakun da ba a jayayya a kansu su riƙa auna sauran: an haifi Tafawa Ɓalewa a 1912, ya zama Firaminista a 1957, an kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. In sun tsinci hotonsa an rubuta "Firaminista, 1954", to ko dai shekarar ko muƙamin akwai kuskure, don a lokacin minista ne. Idan kuma maganar dattawan Ƙofar Wunti ta saɓa da ta littafi, a sa duka biyun, a faɗi mai kowace. Ba aikin ɗalibi ba ne ya goge ɗaya.

Izini kafin hoto. Wurin da ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ko fada, makaranta ta rubuta takarda tun makon farko, amsa ba ta zuwa da wuri. Dattijon da za a naɗi muryarsa a gaya masa a fili cewa duniya za ta ji, a naɗi amincewarsa a farkon hirar. Hoton da aka ɗauko daga Facebook ba nasu ba ne. A Wikimedia Commons, rumbun hotunan kyauta na intanet, kowane hoto yana da sharaɗinsa a ƙasa, yawanci a ambaci mai shi, sai a kwafe sharaɗin cikin kati.

Wajen ɗauka, waya mai kyau ta wadatar. Shimfiɗa farin yadi ko mai ruwan toka marar ado kusa da taga, da hantsi, ka kashe fitilar wayar. Ita ke sa tasa ko gilashi ƙyalli har zane ya ɓace. Jingina wayar a kan abu tsayayye. Kowane kaya hoto uku: gaba, baya, da kusa a inda aiki ko rubutu yake, ɗaya daga ciki da rula a gefe. Bayan tsohon hoto sau da yawa ya fi gabansa amfani, can ake samun tambarin mai hoto da kwanan wata. Takarda a yi mata sikanin a ɗigo 300 kowane inci, ƙaramin hoto a 600. Tsohuwar takardar ajami kada a danne ta da murfin na'ura, kada a liƙa mata salatif, a ɗauke ta da kyamara daga sama. Ƙofa ko ganuwa kuwa da safe ko bayan la'asar, lokacin da hasken gefe ke fito da jikin gini. Wajen murya, wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a kashe fanka, a nisanci janareta, a saurari minti ɗaya na gwaji kafin a ci gaba.

Ka buɗe folda biyu. Ɗaya ta asali, ba a taɓa ta. Ɗaya ta shafi, inda za ka rage kowane hoto zuwa fiksel 1600 a dogon gefe, nauyinsa ya sauka ƙasa da kilobait 400. Masu kallo da waya za su buɗe, da datarsu, hoto mai megabait biyar kuwa rufe shafin za su yi. Sunan fayil ya zama lambar kati, kamar bau-007-gaba, ba tazara, ba haruffa masu lanƙwasa. Asalin a ajiye shi wuri uku: kwamfuta, filash, da ma'ajiyar intanet.

Sai manhajar. Google Sites kyauta ne, ya ishi kaya goma sha biyu. Omeka an yi ta ne musamman don irin wannan aiki, gurabenta sun yi daidai da katinka, amma tana son lokacin koyo fiye da wanda kake da shi. Kowane kaya shafi ɗaya, bayani kalma 50 zuwa 80, tushe a ƙasa. Ka gwada salon haruffan da ɓ, ɗ da ƙ tun kafin ka zuba rubutu, wasu sukan mayar da su akwati.

Kwana biyu kafin miƙawa, a buɗe shafin a wayoyi uku daban, a danna kowace mahaɗa, wani malamin da bai ga aikin ba ya karanta da katunan a hannu. A buɗe asusun da adireshin makaranta, kalmar sirri ta zauna wurin malamin, don ɗaliban nan baɗi ko baɗin baɗaɗa za su gama su tafi.