Da gaske kifi yana hawa tsani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a Maiurno, a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, sana'ar da na gada ke nan. Ɗana da ke karatu ya ce a wasu madatsun ruwa ana gina wa kifi tsani don ya haye. Na ɗauka zolayata yake yi. Da gaske ne? In haka ne, zai amfane mu a madatsar Sinnar da ke ƙasa da mu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Yaron bai zolaye ka ba. Sai dai ba tsanin katako ba ne irin na hawa soro. Kwata ce ta siminti a gefen madatsa, an yanka ta ƙananan tafkuna, kowanne ya ɗan ɗara na ƙasansa tsayi, ruwa na gangarowa a hankali. Kifi ya haye ɗaya, ya huta, ya sake hayewa, har ya fita ta sama.

Dalilin kuwa ka fi ni saninsa. Ruwa na soma cika da damina, kifaye da yawa sai su yi gaba da igiya, suna neman fadama mai ciyawa inda za su zuba ƙwai. Madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925 don shayar da gonakin Jazira, ba da kifi a rai aka yi lissafinta ba, da auduga aka yi. Ta Rusairis, da ke sama da ku a kan kogin, ta zo a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013. Ku mutanen Maiurno kuna tsakanin bango biyu ke nan.

A nan Sudan ma akwai irin wannan tsani, a madatsar Jabal Auliya da ke kan Farin Nilu, kudu da Khartum, wadda aka gama a 1937. Amma kada a yi saurin murna. Yawancin tsarin nan an ƙirƙiro shi ne a Turai da Amurka domin kifin salmon, gwanin tsalle. Kurungu da ragon ruwa ta ƙasa suke bi, babban giwan ruwa kuma sarari yake so. In bakin tsanin bai dace da inda ruwa ke jan kifi ba, haka za su wuce shi su taru a gindin bango, masu birgi su kwashe su da ƙwai a ciki.

Ni a ganina, abin da ya fi shafar komarka shi ne yadda ake buɗe ƙofofi. Da damina ana sakin ruwan Sinnar don laka ta wuce, sai daga baya a tare. In ruwa ya janye farat ɗaya, gurbin da karfasa ta haƙa a gaɓa sai ya bushe da ƙwansa. Ga kuma madatsar Habasha da ke can sama a kan wannan kogi, wadda ta fara tara ruwa a 2020, ta sauya yadda cikar ke zuwa. Da ni ne ku, Baba, da zancen lokacin sakin ruwa zan fara kai wa hukuma, tare da neman a hana kamun kifi a gindin madatsa a watannin ƙwai, kafin a zo maganar tsani.