Ku Tambaya Mu Amsa: Zaɓen Bakin Busa na Turumpet da Korne

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata ɗaya ina busa turumpet a fanfar ɗin matasan unguwarmu, da bakin busa mai lamba 7C. Muryoyin sama suna gagara ta, leɓena kuma yana saurin mutuwa. Abokai sun ce in sayi marar zurfi. Ko in saya? Daga wani matashi, Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka saya tukuna. Bakin busa, wanda mabusan nan suke kira ambushur, sassa huɗu gare shi: gefen da leɓe yake zama a kai, ƙoƙo, maƙogwaro wato ɗan ramin da ke gindin ƙoƙon, sai wutsiyar da take shiga cikin turumpet. A lissafin Bach, kamfanin ƙera kayan busa, lamba tana nuna faɗin ƙoƙo, kuma idan lamba ta ƙaru faɗin raguwa yake yi: 1½C milimita 17 ne, 3C kusan 16.3, 7C kusan 16.2, 10½C kuma 15.9. Harafin yana nuna zurfi, A ya fi zurfi, E da F kusan a shafe suke. Kamfanonin Yamaha da Schilke sun juya lissafin, babbar lamba babban faɗi, shi ya sa 11B4 na Yamaha ne ya yi kusa da 7C ɗinka.

Gaskiya ne marar zurfi, irin Schilke 14A4a, yana sa murya ta yi kaifi, yana kuma tallafa wa wanda ya riga ya iya hawa sama. Amma leɓen da bai ƙosa ba yana kumbura bayan ƴan mintoci, ya taɓa gindin ƙoƙon, sauti ya ɗauke ɗif ana tsakiyar fareti. Muryoyin ƙasa kuma su zama siraran da ba su da daɗin ji. Yawancin masu matsala irin taka danne ƙarfen suke yi a leɓe da ƙarfin hannu. Bayan busa ka duba madubi: in ka ga zobe ja ya nutse a leɓenka, har haƙora sun yi shaida daga ciki, to laifin dannewa ne. Ka riƙa jan dogayen muryoyi a hankali minti goma kullum, ka huta daidai tsawon lokacin da ka busa.

In leɓenka mai kauri ne, har kana jin 7C yana matse shi, gwada 5C ko 3C. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ko faɗi ko zurfi, ka kuma ba sabon makonni biyu zuwa uku, domin daɗin ranar farko yakan yaudari mutum. Ka sa wani ya tsaya nesa ya saurara, ko ka kai wa malaman cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya su ji.

Tambaya: Na sai wa ɗana korne na hannu, wato abin busa mai kama da turumpet amma ya fi gajarta, babu bakin busa. Mun aro na turumpet, ya ƙi shiga. Daga wani uba, Talaje.

Amsa: Alhaji, don Allah kada a tilasta shi. Wutsiyar na korne ta fi gajarta, ta fi siranta, ko da lambar da ke jiki ɗaya ce, saboda haka 7C na turumpet daban, 7C na korne daban. A nemi wanda aka ƙera don korne, a tafi da kornen wurin saye, a saka a ga ya zauna daram ba ya girgiɗi. Mu mun fi son mai ƙoƙo mai zurfi, siffar mazurari, irin Denis Wick 4B, domin shi ne yake fito da taushin muryar korne. In yaron ƙarami ne, ya fara da 7C na korne.

Tambaya: Bakin busana ya koɗe ya koma rawaya, leɓena yana ƙaiƙayi. Jiya kuma ya maƙale ya ƙi fita. Daga wata ɗaliba, Yantala.

Amsa: Ƴar'uwa, rufin azurfar ne ya cinye, ƙarfen da ke ƙasa ya fito, kuma shi ne yake sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki daina busawa da shi. Ki sauya, ko da na roba ne, wanda ba ya ɗaukar zafin rana. Maƙalewar kuwa daga bubbuga shi da tafin hannu take zuwa, ko daga ƙurar hunturu da ta haɗu da yawu ta daskare. Kada a sa masa fensa ko a murɗa da ƙarfi, don bututun gaba ne zai ɓalle daga walda. Ki kai wa mai gyara da ke da na'urar zare shi. Sabon kuma ki riƙa saka shi da ɗan juyi kaɗan, ki cire bayan kowace busa, ki wanke duk mako da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan siririn buroshi. Man kaɗe da dare za ki shafa, ki goge leɓe tas kafin ki busa.